Ƙugiyar Rifkatu

Daren Talata, ƙauyenmu na bayan Kuyello

Gaisuwa ga duniya da mutanen cikinta, har da sauron ɗakin nan, daga ni Malam Barnaba, mai bishara, shugaban makarantar gindin mangwaro!

Yau dattawan coci suka zo daga Kaduna a kan babura, duk sun sha taɓo, su ga ko akwai ɗalibin da ya isa su kai shi sakandare. In babu, sai baɗi. Na rubuta a allo da hannuna mai albarka: BARKA DA ZUWA BAKI.

Sai ɗalibata Rifkatu ta ɗaga hannu. "Malam, bakin wa ya zo? Ka manta ƙugiya." Ta taso ta lanƙwasa kan harafin, ya koma BAƘI. Dattawa suka yi dariya har da hawaye. Na ce, "Ai gwada ta nake yi!" Nan take suka rubuta sunanta.

Yanzu ina kwance, ruwa na kiɗa a kan kwano, ina ganinta a raina ta girma, da farar riga a asibiti, tana cewa, "Ku ba tsohon nan kujera, shi ya koya min rubutu." Ƙarya ce, amma wallahi zan zauna.

Kai da ka tsinci littafin nan, aiko min da alli kwali guda. Ashe ƙugiya ma cin alli take.