Ta'aziyyar Timoti Mai Kaset da Wanke Sunan Fatsima ta Tabotaki

Cikin alhini mai nauyi, da ɓacin ran da ba mu da niyyar ɓoyewa, Ƙungiyar Iyaye Mata da Matan Ƴan Ci-rani ta Madawa, Buza da Keita, a ƙarƙashin jagorancin Uwar Ƙungiya, Hajiya Furera Umaru, ta samu labarin rasuwar ɗanmu Malam Timoti Ishaku, wanda Adar duka ta sani da Timoti Mai Kaset, wanda aka kashe da hantsin ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1996, a ƙofar shagonsa da ke bakin tashar motar Buza, yana da shekara ashirin da bakwai a duniya. Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mahaifinsa, Dattijo Ishaku, tsohon makanikin injin wuta na asibitin mishan. Da mahaifiyarsa, uwarmu kuma abokiyar tafiyarmu, Mama Marta. Da maiɗakinsa, Madam Esther, da ɗiyarsu da ba ta kai yaye ba. Da Mai Girma Fasto da dattawan ikilisiya. Da dukan wanda ya taɓa jin muryar nasa daga nesa ta hannun marigayin.

Marigayin ya tashi a gindin mahaifinsa, tsakanin waya da batir, ya yi lakwal har aji uku na kwaleji, sannan ya bari ya kama gyaran rediyo. A shekarar 1991 ya lura da abin da mu mata muka daɗe muna haɗiyewa: da an gama girbi mazanmu da ɗiyanmu sai su cika kamyo, manyan motocin kaya, su nufi Abijan, Lome da Kotonu, mu kuwa mafi yawanmu ba mu iya rubutu ba, kuma ba kowace magana ce mace take iya faɗa wa mai rubuta wasiƙa a tsakiyar kasuwa ba. Sai ya sayi manyeto ɗaya, wato na'urar ɗaukar murya, ya haɗa faifan hasken rana da tsohon batirin mota, ya ɗaura su bayan babur, ya riƙa bin ƙauyuka daga Galma Kudawace zuwa Karofan, daga Tabotaki har tuddan Keita. Mace ta zauna ta yi magana, ya ɗauki muryarta a kaset, ya ba direbobi su kai. Cikin shekara biyar ya buɗe shago uku, ya koya wa matasa tara sana'a, ya sa wutar rana a ɗakunan haihuwa biyu ba tare da an roƙe shi ba. Akwai tsohuwar da ɗanta ya ɓace shekara shida a bakin teku, ta yi kuka a kaset ɗin Timoti, kafin damina yaron ya sauka daga mota. Wannan alheri ba za mu bari a binne shi tare da shi ba.

Amma mu iyaye ne, kuma uwa ba ta yi wa ɗanta ƙarya ko da a bakin kabari. Timoti yaro ne mai kaifin kai, mai taurin kai kuma. Sau uku wannan Ƙungiya ta kira shi ta zaunar. Mun ce masa ya daina shiga ɗaki daga shi sai matar aure da manyeto, ya bari wata dattijuwa ta zauna a bakin ƙofa, domin bakin mutane ba shi da murfi. Ya ce idan tsohuwa tana saurare ba wadda za ta buɗe cikinta, kuma aikinsa ke nan. Mun ce masa ya daina ɗaukar murya da batirin da ya yi sanyi, domin muryoyin suna fitowa sirara kamar na yara, har uwa ba ta gane ta ɗiyarta. Ya ce maganar ake bukata, ba daɗin murya ba. Abu na uku shi ne mafi girma. Kowa a ƙasar nan ya san mace mai tarbiyya ba ta kama sunan mijinta, ko da wuƙa a wuya, haka uwa ba ta kama sunan ɗan fari. To, da ya tambayi mace wa za a kai wa kaset ta sunkuyar da kai, sai ya rubuta sunan maigidan da take aure a ciki da sunan gari kawai, sauran ya riƙe a ka. Muka ce masa kai ba takarda ba ne. Ya yi dariya, ya ce da Uwar Ƙungiya, ita da ba ta iya kunna rediyo ba, ta bar masu sana'a su yi sana'arsu. Mun yafe masa wannan tun ranar, amma mun rubuta shi a nan domin matasan da ya bari a shagunansa su ji.

Ga abin da ya faru, kamar yadda Ƙungiya ta bi diddiginsa gida gida. A cikin watan azumi marigayin ya je Tabotaki, gidan wani dattijo mai suna Illa, wanda ɗiyansa biyu suke ci-rani. Babban, Kalla, yana Abijan shekara biyu cur bai zo gida ba. Matarsa ita ce Fatsima. Ƙaramin, Ɗantala, ya tafi Kotonu bayan girbin bana. Matarsa ita ce Zuhura, amaryar bara. Matan biyu suka yi magana a rana ɗaya, kowacce da murya ƙasa-ƙasa saboda kunyar surukai, batir kuma ya yi sanyi. Fatsima ta gaida mijinta ta ba shi labarin awaki da rumbu. Zuhura ta gaya wa nata cewa tana da ciki wata huɗu, cikin fari, wanda ba ta faɗa wa kowa ba, ko uwar da ta haife ta. A kan kaset biyun duka Timoti ya rubuta gidan Illa, Tabotaki. Na Kotonu ya faɗa buhun Abijan, na Abijan ya faɗa buhun Kotonu.

Al'adar ƴan ci-rani ce idan kaset ya zo daga gida duk ƴan gari su taru a ɗaki ɗaya su saurara. A gaban maza fiye da ashirin Kalla ya ji murya daga gidan ubansa tana cewa, maigida, ina da ciki wata huɗu. Bai jira ƙarshen kaset ba. Ya shiga mota kwana uku da wannan wuta a ƙirjinsa, ya sauka Tabotaki bai yi sallama da ubansa ba, ya tarar da Fatsima tana daka, ya fizge taɓaryar daga hannunta yana ihun ta yi cikin shege. Ya karya mata hannun dama a wuri biyu, ya zubar mata da haƙora uku, ya tattake ta a ciki har jini ya ɓalle. Maza suna tsaye a bakin darni, ba wanda ya tsallako, wai tsakanin miji da mata sai Allah. Zuhura ta ga abin da aka yi, tsoro ya ɗaure mata baki, ta gudu gidan iyayenta. Da mutane suka ga jini sai suka ce ai ga cikin nan ya zube, magana ta tabbata. Da aka tambayi wane ne uban, ba a wahala ba: wane namiji ne yake shiga ɗakin matan aure ya ja ƙofa?

Washegari da hantsi Kalla da wasu mutum huɗu suka iso Buza da adda da sanduna. Sun tarar da Timoti a tsugune yana gyaran rediyo. Sun fara da hannuwansa. Suka fasa faifan hasken rana a kansa, suka ja shi a ƙasa har bakin hanya, suka sare shi a wuya a gaban direbobi, da masu tuyar ƙosai, da fasinjojin mota biyu. Shaidu sun ce yana ta faɗin a kawo kaset ɗin a saurara, ba wanda ya saurare shi. Kafin jandarma su iso ya cika. Wannan kisa ba na addini ba ne, kuma muna gargaɗin duk mai son shafa masa wannan launi, daga kowane ɓangare, da ya kama bakinsa: hannun da ya kashe Kirista shi ne ya fara karya Musulma. Mutum biyar ɗin suna hannun hukuma, kuma Ƙungiya tana roƙon Mai Girma Sufurefe, shugaban gunduma, da Kwamandan Jandarma da kada a bari a mai da jini maganar sulhu a zaure.

Akwai kuma abin da ya fi mana ciwo, wanda dole mu faɗa a gaban iyayen marigayin, da izininsu. Kwana takwas kafin Kalla ya iso, wani direba ya kawo wa marigayin saƙo daga Kotonu, cewa Ɗantala ya ce kaset ɗin da aka kai masa ba nasa ba ne, domin shi ba shi da awaki. Daga Buza zuwa Tabotaki ba tafiyar yini ba ce a kan babur. Timoti ya ce shi ba ya kuskuren buhu, ya wuce Keita aikin wuta. Da ya sauke kai ya je ya tambaya, da yau yana raye, da Fatsima tana daka da hannunta. Bai cancanci adda ba, ba wanda ya cancance ta. Amma girman kai ya buɗe ƙofar da fushi ya shigo.

Mamaci yana hannun Ubangijinsa, ba ya bukatar shaidarmu. Mai rai ce take bukata. Fatsima tana kwance a asibitin mishan yau kwana goma sha ɗaya, kuma har yanzu a bakin rijiyar Tabotaki ana kiranta da sunan da ba za mu rubuta ba, har kawunanta sun aiko cewa ba su da ɗakin da za su sa ta. Don haka Ƙungiya tana sanar da jama'a, da babbar murya, abubuwan nan. Likita da ungozoma sun duba Fatsima, kuma da yardarta muke faɗa: ba ta da ciki, ba ta yi ɓari ba, jinin na duka ne. Zuhura ta zo da ƙafarta gaban dattijai mata bakwai, ta ajiye kunyar cikin fari, ta ce muryar tata ce, cikin nata ne, na mijinta Ɗantala, kuma ga shi kowa yana gani. An saurari kaset ɗin har ƙarshe, wurin da Kalla bai jira ba, aka ji Zuhura tana gaida mutanen Kotonu. Fatsima ɗiyar halal ce, matar da ta tsare ɗakinta shekara biyu da gero kaɗan, kuma Timoti bai taɓa ko gefen zanenta ba. Duk wanda ya sake faɗin akasin haka daga yau, ya sani ƙazafi yake yi da ido buɗe.

Muna roƙon Allah Mai Iko Dukka Ya ba marigayi Timoti Ishaku hutawa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ɗaure zuciyar Dattijo Ishaku da Mama Marta da Madam Esther da igiyar haƙuri, Ya raya marainiyar da ya bari, Ya ba Fatsima lafiya, Ya sauki Zuhura lafiya. Muna kuma sanar da membobinmu na Madawa, Buza da Keita cewa ranar da likita ya sallami Fatsima ba za a shigar da ita gari a ɓoye ba. Za mu raka ta da rana tsaka, ranar kasuwar Tabotaki, mu ratsa ta tsakiyar rumfuna har ƙofar gidan ubanta, kuma ba za mu tashi ba sai an shimfiɗa mata tabarma a ciki. Mun so Mama Marta ta zauna gida saboda zaman makoki. Ta ƙi. Ta ce kuskuren ɗanta ne ya karya hannun yarinyar nan na dama, don haka ita za ta riƙe na hagun.

Sa hannu:
Madam Salome Shadrak
Sakatariya kuma Kakakin Ƙungiyar Iyaye Mata da Matan Ƴan Ci-rani ta Madawa, Buza da Keita
A madadin Uwar Ƙungiya, Hajiya Furera Umaru
Madawa, 24 ga watan Maris, 1996