Sun Kama Haske Ba Wanda Ya Tsokane Su

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma ni aka tsira wa allura. Haka muke yi a ɗakin gwajinmu: duk sanda za a duba jinin marasa lafiya sai an samo na lafiyayye an kwatanta, kuma wa zai fita neman lafiyayye alhali ga mu zaune? Nawa Farfesa ya fi so, wai ƙwayoyina suna da ladabi. Dogo, abokin aikina, har Malama Ma'auni yake ce min. Na ce masa ranar da jijiyata ta ƙafe, tasa za mu koma.

Laraba, 5 ga Maris

Abin haushi.

Ƙwayar T, ɗaya daga cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin jini, ba ta tashi haka kawai. Sai ta taɓa baƙon abu, sai kuma ta sami tabbaci na biyu, sannan saƙo ya bi cikinta hannu da hannu, wannan furotin ya tada wancan, har kalsiyam ya kwararo ciki. Muna sa musu rinin da ke yin kore idan hakan ta faru. To yau na leƙa madubin duba ƙwayoyi tun ban ɗiga sinadarin da ke tsokanarsu ba, sai ga nawa sun riga sun kama haske. Ba duka ba, amma da yawa.

Na ce wa Dogo rininsa ya lalace. Ya ce, "Wanda na haɗa da safen nan?" Na ce ko yaushe ma ya haɗa shi.

Alhamis, 6 ga Maris

Sabon rini, sabuwar kwalba, sabon jini. Haka dai.

Lahadi, 9 ga Maris

Yaya ta zo. Ina kokawa da murfin fulas ta karɓe ta buɗe, ta tsaya tana kallona. "Ke, tun yaushe?" Na ce sanyin ɗakin gwaji ne, mutum ya wuni hannunsa a firij me ake so ya yi. Ta ce haka Inna ta fara, riƙe kofi da hannu biyu. Na hau ta da faɗa kamar ita ta jawo.

Da ta tafi na zauna. Garkuwar jikin Inna ce ta juyo kanta, ta fara da yatsu, ta ƙare da ƙoda. Saboda ita na shiga aikin nan, don in san wa ke ba ƙwayoyin nan umarni. Ban ce in gani a kwalbata ba. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji.

Talata, 11 ga Maris

Farfesa ya duba hotunan ƙwayoyin da na ɗauka. Ya ce ko mura tana sa su tashi, kada in ɗaga hankalina, a jira a sake. Ya tambaya ko na yi zazzaɓi kwanan nan. Na ce wataƙila. Duk maganar nan ba fuskata yake kallo ba, hannuna yake kallo. Na tura shi aljihu.

Juma'a, 14 ga Maris

Akwai birki a jikin ƙwayar. Idan ta tashi ta yi aikinta, wani furotin yana fitowa a bayanta ya ce ya isa haka. Dogo ya auna shi a nawa ba tare da na sa shi ba. Kaɗan ne ƙwarai. Na ce wa ya ba shi izini, jinina ne ko nasa? Bai rama ba. Dogo da ba a rufe masa baki! Sai cewa ya yi, "Madubinmu ba likita ba ne. Don Allah ki je asibiti."

Yau ko sau ɗaya bai ce min Malama Ma'auni ba. Da ma ya tsokane ni ɗin.

Litinin, 17 ga Maris

Zoben Inna da nake sawa ya ƙi fita daga yatsana. Sai da sabulu.

Alhamis, 20 ga Maris

Na je. Likitar ta matsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi me ya kashe mahaifiyata, ta ɗebi jini. Sakamako sai mako mai zuwa. Yaya ce ta raka ni, ban yi mata faɗa ba.

Na koma aiki da rana na tarar Dogo ya naɗe hannun riga, Farfesa na neman jijiyarsa, shi kuwa Dogo yana raki kamar za a yanka shi. Na yi dariya, har na riƙe masa auduga.

A firij muna da jeri biyu, dama na lafiyayyu, hagu na marasa lafiya. Sauran kwalbata ɗaya a dama. Wurin ya yi cunkoso yanzu da na Dogo za su shigo, shi ya sa kawai na matsar da ita hagu. Da hannu biyu na ɗauke ta, kada ta suɓuce.