Sifirin Ranar Alhamis

Pomacancha, 3 ga Mayu

Zenaida ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Aikin farko yau: kwashe ganye daga bakin bututun injin wutar da ruwa ke juyawa. Na gama, ƙauye na da haske.

Ga littattafan nan shida da kika nema don kundin digirinki na uku. Shekara shida ke nan ina rubuta wutar da injin ruwanmu ke bayarwa, safe da yamma. Rubutuna ba kyau, kin san a sakandare na tsaya. Inna ta sa miki gasasshiyar masara.

Yayanki,
Nemesio

Lima, 19 ga Mayu

Yaya,

Ina gaida kowa. Masara ta ƙare tun a tasha.

Akwai matsala. Duk Alhamis sifiri ka rubuta. Malamina ya ce injin da ke mutuwa kowane mako ba abin dogaro ba ne, alhali kundina cewa yake gwamnati ta bar wa ƙauyuka injinansu. In ban kawo dalili ba kafin ƙarshen Yuni, ba zan kare kundin bana ba. Ko barci kake yi ran Alhamis, tsoho?

Taka,
Zenaida

Pomacancha, 27 ga Mayu

Ƙanwata,

Muna lafiya. Da na karanta takardarki, sau biyu na kwance injin ina neman laifina. Ƙalau yake.

Lima ta cinye miki kai ne? Alhamis ranar ruwan mutanen gangare ce. Da hannuna nake juya magudana zuwa gonakinsu na dankali, kamar yadda Baba yake yi tun kafin a kawo injin. Ba ruwa, dole injin ya tsaya. Ban rubuta dalilin ba don na ɗauka kowa ya sani. Ke ma kin sha tsoma ƙafa a ruwan nan.

Na je wurin Doña Fortunata, mai kula da rabon ruwa, ta sa hannu a shaidar da ke cikin ambulan. Ta ce, "Karatun shekara ashirin, ba ta san Alhamis ba?" In na ɓata miki aiki, ki yafe ni.

Nemesio

Pomacancha, 8 ga Yuli

Dakta,

Saƙonki ya iso, mun ji kin ci. Inna ta yi rawa a tsakar gida. Kin ce sifirina ya zama babi guda, har malamin yana son zuwa ya gani. Ban gane yadda aka yi ba, amma na ji daɗi. Ki ce masa ya zo ran Alhamis, da takalmin roba.

Kin ce kina tafe gida, Allah Ya kawo ki lafiya. Aikin gobe:

Sa wa injin mai.
Gyara rufin ɗakinki, yana yoyo.
Sayo sabon littafi mai fili a gefe, don rubuta dalili.

Yayanki,
Nemesio