Aikin Hanya a Bayan Birmingham

Yaya Halliru,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ya su Saudatu?

Lafiyata ƙalau. Ƙaramar hukuma ta rage ma'aikata har da ni, amma kada ka damu, na samu abin yi a filin tseren motoci. Duk Asabar ƙatti da gemunsu ke cika wurin, suna ihu don ƙananan motoci na zagaye fili ɗaya, ba inda za su. Wai ba sa son kwalta, sai ƙasa! Tsari kam akwai, ko rami babu, don ni ke binta da tankar ruwa ina lallashi.

Shekara biyar na yi ina karatun shimfiɗa kwalta, Yaya. In Inna ta tambaya, ka ce har yanzu aikin hanya nake.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Musbahu