Mutumin da Na Gani a Kilomita Goma Sha Huɗu

Wara, Lahadi 14 ga Afrilu, 2024, ƙarfe huɗu da kwata na yamma.

Zuwa ga Yaya Ladidi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara, Ya kuma karɓi ibadarmu ta azumi. Inna tana lafiya, sai ciwon bayan da kika sani. Yasira matar Yaya Ɗangana da 'yarta Mariya sun yi mana sallah a gida, Mariya har ta iya ƙirga goma. Ina rubutu a zaure, ƙafata ta dama cikin ruwan ɗumi. Ban kira ki a waya ba don Inna tana jin duk abin da aka faɗa a gidan nan, shi ya sa zan ba direban Fatakwal takardar.

Kin san tun da na gama jami'a nake shirin gwajin gudu na shiga aikin ɗamara. Jiya Asabar na fita ƙarfe shida da minti goma, da niyyar kilomita ashirin ta hanyar bakin ruwa. Bai kamata in fita ba. Azumi ya rage mini ƙarfi, gwiwata tana ciwo tun Alhamis, kuma rabin gorar ruwa kawai na ɗauka. Ina faɗa miki wannan ne don ki auna maganata da shi. A kilomita tara cinyoyina suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. A goma sha biyu na fara ganin ɗigo-ɗigo baƙi. Wayata ta nuna goma sha huɗu da ɗigo uku lokacin da na zube a gindin wata giginya, kusa da wata tungar masunta da ban taɓa kaiwa ba. Ƙarfe bakwai da minti hamsin da biyu ne.

Yaya, a nan na ga wani mutum yana tura kwalekwale cikin ruwa. Tsakaninmu kamar taku tamanin, ya ba ni baya, rana kuma tana idona. Ya naɗe rigarsa a kai. Kafin ya ja, sai ya buga filafili sau biyu a gefen jirgin, ya tofa ruwa ta hagu, sannan ya tuƙa da hannun hagu. Kin san wanda yake yin haka. Shekara biyu da wata huɗu ke nan da jirgin kasuwa ya kife da Yaya Ɗangana, aka tsamo waɗanda aka tsamo, shi ba a gan shi ba. Na yi ƙoƙarin kiran sunansa, maƙogwarona ya bushe, abin da ya fito ko ni ban ji shi sosai ba. Mutumin ya daina tuƙi na ɗan lokaci. Bai waiwayo ba. Daga nan ya bi bayan ciyawa, ban ƙara ganinsa ba.

Wata tsohuwa mai banda kifi ta kawo mini ruwa. Ta tambaye ni ko kura ce ta koro ni, ta ce ita ba ta taɓa ganin ɗan boko yana wahala ba a biya shi ba. Da na tambaye ta mai jirgin, ta ce baƙi ne masu bin kifi daga can saman tafki, kwanansu shida, kuma in ruwa ya ƙara janyewa za su tashi. Ta ce shi wannan ba ta taɓa jin muryarsa ba, kuma a tunga ba a tambayar mutum daga ina ya fito. Na jira har ƙarfe goma sha ɗaya bai dawo ba. Mai babur ne ya kai ni gida.

Ga inda nauyin yake. Ranar Juma'a 26 ga wata za a ɗaura auren Yasira da malamin nan na Yelwa. Ta yi takabarta yadda malamai suka ce, ita ta zaɓe shi, jiya ma na ji tana dariya a madafi. Inna kuwa sai bana ta daina ajiye wa Yaya Ɗangana tuwon dare. In na yi magana kuma ba shi ne ba, na fama musu gyambon da ya fara warkewa, bisa shaidar idona, ni da na kusa suma. In na yi shiru kuma shi ne, an ɗaura aure kan aure da sanina. An ce gani ya kori ji, amma ni ban yarda da ganina ba. Gobe da sassafe zan koma a babur, da ruwa, da hotonsa. Kada ki gaya wa kowa sai kin ji daga gare ni, amma ki faɗa mini abin da Baba zai yi da yana raye.

Ki gaida maigida, da Khadija, da Auwal, da maƙwabciyarki Deborah da ta riƙe ni lokacin da na zo. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki,
Altine

Na rubuta abubuwan da ban sani ba, don kada in ruɗi kaina. Ban san fuskarsa ba. Ban san bahagwai nawa ne ke tuƙi a tafkin nan ba. Ban san ko kirana ne ya tsayar da shi ba, ko igiyar ruwa. Ban san ko zan tarar da su gobe ba. Ban san abin da zai hana mutum mai rai dawowa gida daga kilomita goma sha huɗu ba. Kuma, Yaya, Allah Ya yafe mini, ban san ko ina so ya zama shi ne ba.