Muryar Baba a Kan Iyakar Gona

Faskari,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayata Suwaibatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara, Ya ƙara sanya albarka a zamanku na Ibadan. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya matsa. Dada ta samu sauƙin ƙafarta har tana zagaya tsakar gida ba sanda, ko da yake ta ce kada in gaya maki, don kar ki fasa aiko da man zafin nan. Sa'adiya na nan ƙalau, 'yarmu Nana Aisha kuma ta fara tafiya, ba abin da ke tsira a hannunta.

Yaya, kin san halina, sai na rubuta abu a littafina na sake karantawa kafin in yarda ya faru. To wannan na rubuta, na karanta, kuma ya faru: jiya mun ga Baba, mun ji muryarshi, a nan ƙofar shagona.

Kin tuna lokacin da zama ya gagara a yankin Sabuwa, Baba, Allah Ya jiƙanshi, ya ce ba zai bar Unguwar Audi ba sai ya taka iyakar kowace gona da shaidu biye da shi, kamar yadda ake yi ranar rabon gado. Yana tafe yana nuna gamba da suri da kututture, yana faɗin ta wane ta tsaya nan, ta wane ta fara can, matasa na ɗauka a waya. Duka aka ɗora a shafin 'yan garinmu, kowa ya goge nashi don waya ta samu wuri, tunda mun ɗauka abin da ya hau intanet ya zauna ke nan. Bara kamfanin ya rufe shafin. Laifinmu wai muna nuna mutane da makamai, alhali kin san a wancan lokacin ba mai zuwa gona ba bindigar harbi a kafaɗa. Na yi ta rubuta masu da ɗan Turancina na sakandare cewa manoma ne, wannan tsohon kuma mahaifina ne, amsa iri ɗaya ke dawowa, ko wasali bai canza ba. Na daɗe ina zargin Turancin nawa, sai daga baya na ji cewa ba mutum ke karantawa ba. Hotunan suna da na biki duk suka tafi. Ashe ɗaki muka gina a filin wani.

Bana hanya ta ɗan lafa, mutane na son komawa noma, amma daji ya cinye iyakoki. Gamba ta bazu, an sare itatuwa an yi gawayi. Kawu Mamuda da maƙwabcinshi Abdulganiyu suka sa gardama kan fadama har suka daina gaisawa, kowa ya koma sahu daban a masallaci.

Cikin haka na je wurin Malama Zulfa, mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, ko za ta iya buɗe mana shafin. Ta ce wannan kam ya tafi, amma mi ya sa za mu sake kai ajiya gidan wanda bai san sunanmu ba? Ta nuna mani yadda ake yi. Tsohuwar kwamfuta mai fasasshen gilashi, faifan sola, batir, da wata 'yar na'ura mai jefa wa wayoyin kusa sigina. Duk wanda ya zauna a bencin shagona zai iya buɗe abin da ke ciki da wayarshi, ba data, ko da layi ya ɗauke. Wanda ke son rufe mana kuwa sai ya tako da ƙafarshi ya yi sallama. Na sha wuya kafin in iya, na ɓata na gyara, na rubuta kowane mataki, Malama na dariya tana cewa ba ta taɓa samun ɗalibi mai tsoron maɓalli kamata ba. Daga nan na bi mutanenmu Mairuwa da Ketare da Ƙanƙara ina roƙon tsofaffin memori. Wani a cikin gwangwanin allura aka samo, wani a aljihun rigar da aka daina sawa. Gutsure-gutsure, har abu ya haɗu. Dada ta sa mashi suna rumbu, yanzu kowa haka yake kiranshi.

Jiya bayan la'asar muka tara mutane. Da Baba ya fito a kwamfutar yana gyara hula, sai wasu suka fara share ido. Sai ga shi ya dafa ɗorawar bakin rafi yana cewa tashi ce. Nan take Dada ta ɗaga murya ta ce ƙasar dai tashi, amma kalwar tata ce tun tana amarya, kuma ya sani, mutuwa ba ta sa ya yi gaskiya ba. Masu kuka suka koma dariya. Da aka zo fadama, Baba ya ɗora ƙafa kan wani baƙin dutse ya ce daga nan zuwa ruwa ta Mamuda ce. Abdulganiyu ya ce a maido baya, aka maido, ya ce a ƙara. Sannan ya ce ya san dutsen, ya miƙa wa Kawu hannu. Kawu ya fara cika baki, sai bidiyo na gaba ya nuna shi ma ya ci kunyoyin Abdulganiyu ta arewa. Tare suka tafi sallar magariba suna tsokanar juna. Wallahi Yaya, ji na yi kamar in rungume kwamfutar nan.

Saura abu ɗaya. Ɓangaren gabas, inda gonakin gidanmu suke har da rabonki, ban same shi wurin kowa ba. Dada ta ce ke kika sa aka tura maki shi, saboda a ciki Baba ya kira sunanki, kuma yana cikin tsohuwar wayarki da kike cewa za ki ba da a yi maki musaya. Don Allah kada ki ba da ita, kada ki kai wa masu gyara, kada kuma ki ɗora shi a wani shafi, kar su rufe naki. Maƙwabtanmu na gabas sun yarda ba wanda zai sa fartanya sai an kalla, amma sun ce haƙurinsu iyakarshi ruwan shuka, kuma hadari ya fara leƙowa.

Malam Gide direba, wanda zai ba ki takardar nan, yana ɗauke da memori biyu. Marar komai a kwafa mani bidiyon a ciki ya dawo da shi. Ɗayan kuwa duk abin da ke rumbu ne, naki ne, ki adana. Ina tsoron wuta da ɓarawo da kuskuren hannuna, Malama kuma ta ce abin da mutum ya riƙe da kanshi sai ya kwana gida biyu. Ban sani ba ko wayar za ta ma kunnu, wannan tunanin shi ke cina. In ta kunnu kika same shi, kada ki jira Malam Gide ya taso. Ki kira ni, ki kara mani wayar in ji Baba ya faɗi inda gonarki ta tsaya.

Ki gaida Alhaji da kyau, da Fatima Zahra'u da Ikhlas da Muhammad ƙarami. Dada na sa maku albarka, Sa'adiya da Kawu Mamuda na gaisuwa. Allah Ya sada mu da alheri, Ya ba mu damina mai albarka.

Ƙaninki,
Muhammad Auwal