Rinannen Gemu

Fatakwal.

Assalamu alaikum, Hajiya Kulu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da yara da mutanen Daura baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Geron Zango ya shiga rumbu kuwa?

Ni lafiyata ƙalau, sai dai ba na tuƙi yanzu. Kamfani ya sallami duk direban da ya haura sittin, wai idonmu ya gaji. Idon da ya yi shekara da shekaru yana kai tanka Maiduguri, ko akuya ban taɓa takawa ba!

Wani abokin zamana ya ce furfura ce ke kore mini aiki. Hajiya, kada ki yi dariya: na rina gemuna baƙi ƙirin, na nufi wani garejin. Manajan, sa'an ɗanmu Musaddiq, ya tashi ya ba ni kujera, ya ce, "Baba, ai ku yanzu sai hutu da yi mana addu'a." Makullin motar kuwa ya miƙa wa wani saurayi. Ashe hannuwana yake kallo, su kuwa ba sa rinuwa.

Zan ƙara gwada wuri ɗaya. Amma ki ce wa ƙanena Zakiyyu kada ya ba da aron gonata bana.

Kuma ki daina ba jikata Raihana waya tana kirana ta bidiyo. Ba gudun amaryar tawa nake yi ba. Farin gemun da take ja ne ba ya nan. Ta yi haƙuri har ya dawo. Shi dai na san zai dawo.

Allah Ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Audi.